Idon Aro a Hanyar Yawuri

Mun bar Birnin Kebbi ana sallame asuba,
akori-kurar Labbo tana tari kamar tsohon mashayin taba,
injin ban-ruwa ɗaure a baya, da jarkar mai biyu.
Baba Arzika ya zaɓi gefen taga,
shi da yanar ido ta rufe wa duniya damina uku ke nan.
Ya ce, "Yau ke ce idona, Jimmai.
Kada ki yi mini rowa."

A Kalgo na ce, Baba, shinkafa ta sunkuyar da kai,
balbelu sun zuba a fadama kamar an shanya wanki.
Ya ce, "Ƙamshin laka ya riga bakinki."

A Jega mun sha shayi a tsaye.
Labbo ya yi cinikin albasa har shayin ya huce,
bai saya ba.

Daga nan hanya ta miƙe.
Giginyu suna wucewa ɗaya-ɗaya, kowace da rawaninta,
dawa ta fi mota tsawo,
cilakowa tana faɗuwa tana tashi a iska
kamar mai bin bashi gida-gida.
Wani jan biri ya tsallaka titi da masara a baki,
yaro na bin sa da gwafa, wando a hannu.
Na ba Baba labarin sau biyu
don dariyarsa ta daɗe.

Bayan Koko ya fara ƙirga kwalbatoci da ƙashin bayansa.
A ta bakwai ya ɗaga hannu.
"Nan na yi tsaron gandun daji shekara sha tara.
Gada kan sha ruwa a ƙarƙashin nan,
burtu kan yi tafiyarsa ta alƙali.
Maɗatan suna nan?"

Na duba.
Kututture, gonar wake,
buhunan gawayi jere a bakin titi har ƙarshen gani.
Na ce, akwai guda.
Ban yi ƙarya ba, guda ɗin ce.
Ya juya hannunsa a taga, rana na cin sa.
"Da, inuwa ce nan har mil uku," ya ce,
sai ya nemi goro.

Taya ta fashe kafin Yelwa.
Muna jiran Labbo a gindin ɗorawa
gauraka biyu suka yi kira can cikin fadama,
Baba ya amsa musu da maƙogwaro.
Suka yi shiru, ina jin sun gane baƙo ne.

Da la'asar sakaliya muka iso Kwara.
Nomau, mai injin, bai ko dube shi ba,
ya ja mu gonarsa yana huci:
dorina ta kwana a shinkafar, ta cinye kwata,
ta bar sawu kamar akushi.
Baba ya durƙusa, ya sa tafinsa a ciki,
ya lalubi gefe, ya sami wani ƙarami.
"Da ɗa take tafe," ya ce, murya na rawa.
Nomau ya ce, "Ɗan ma shinkafata zai ci."
Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Muka zauna a kan kifaffen kwalekwale.
Kirinjijiya suka wuce, sauro ya fara karɓar haraji.
Can bayan burugu ruwa ya tsage,
wani numfashi ya fito, mai nauyi, kamar zugazugin maƙeri.
Ni kunnuwa biyu na gani, ƙanana, suka nutse.
Baba ya ce, "Kin gan ta? Ƙatuwa ce."
Na ce, ƙatuwa ce.

Da dare muka juyo, fitila ɗaya ke aiki.
Ban ga komai ba sai ƙwari a gilashi.
Shi ke cewa, nan rake ne, nan an ƙona ciyawa,
nan shanu sun kwana.
Lakar Kwara tana bushewa a gwiwar wandonsa,
na kai hannu in kaɗe,
ya riƙe ni.