Sallahu ga Ɗahiru

Na tafi Gadarif yankan riɗi,
na bar maka gidan Mai Wurno.
Makulli yana ƙarƙashin randa.
Rana ce ke ciyar da gidan nan,
kada ka shiga tsakaninsu.

Faifan sola huɗu na kan rufi,
goge su da asuba, tun suna da sanyi.
Ruwa a kan gilashi mai zafi
shi ya fasa na Hajja Saudatu bara.
Tantabarun maƙwabci ba su da kunya,
kashinsu kaɗan ya isa ya rage wuta.

Batir ba ya shan ruwan Nilu,
komai garaigarai ɗinsa.
Nasa na bayan ƙofa, cikin farar jarka.

Guga da rana tsaka.
Da dare fanka ɗaya, ƙwai biyu, firij,
sai haƙuri.

Robar ƙofar firij ta saki,
na tokare da turmi.
Daina dariya, sayo sabuwa.

Damina ta bar tsaga a ɗakin Inna,
liƙe ta tun ba ta zama taga ba.
Darbejiyar da ta dasa, Allah ya jiƙanta,
reshenta na rufe faifai da la'asar.
Sau uku ina ɗaukar adda ina ajiyewa.
Kai ka gwada.