Wadda Aka Ba Ni Gyara

Saura kwana guda a ɗaga labule
na naɗe takardar tsarin wasa a tsohuwar jarida,
na hau kekena na nufi Ƙofar Marusa,
shagon Ɗan'azumi mai kayan rubutu,
inda warin gam ke amsa sallama kafin mai shago.

Na ce, "Maka nake nema."
Ya ce, "Zauna in nemo maka."
Ya yi wa kansa dariya, shekara goma barkwancin bai canja ba,
ya zazzage gwangwani bisa tebur.

Takardar nan santsi gare ta,
tana sheƙi kamar goshin mai tuyar ƙosai.
Bara biro ya ci amanata a kanta:
'yan wasa shida suka danna, suka sake dannawa,
na zo gida da shatin sunaye, ba sunaye ba.
Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya tsaya.
Bana sai na gwada.

Ja na fara ɗauka, na ajiye,
ba jarrabawa za a gyara ba.
Koriya ta masu ofis ce.
Mai ruwan zinariya sai an girgiza ta kamar gorar fura,
kuɗinta kuwa cefanen kwana biyu.
Akwai wata mai baki kamar muciya,
suna ɗaya zai cinye fuskar mutum uku.

Sai wata baƙa, siririya, tsinken tsire.
Na ja layi a kusurwa, na ƙirga uku,
na goga da yatsa.
Ko gezau.
Na ce ita.

Da zan tashi ya cusa mini shuɗiya a aljihu,
murfinta a tsage, an ɗaure da zare.
"Yoyo take yi, ba mai so. Riƙe, gyara ce."

Daren wasa baƙar ta fitar da ni kunya.
Lantana, wadda ta fito a ungozoma, ta yi mata lanƙwasa uku.
Tanimu direba ya rubuta da hular wasan a kansa.
Har yaron da ke jan labule
ya duba baya, ya ga da shi nake, ya sa nasa ƙanana a gefe.

Amma ba don su na zo ba.

Baba Mati na zaune bayan dandamali bisa akwatin kaya,
maigadi ya fito, magana biyu kacal,
shi da a da, in ya yi tari, ɗakin nan kan yi tsit.
Na durƙusa na miƙa.
Ya ɗago hannun dama ya nuna mini,
yana rawa kamar ganyen bedi.
"Tun ciwon bara, ɗana. Alƙalami ya daina jin maganata.
Shafa mini a babban yatsa."

Na shafa. Kafin yatsan ya gama tafiyarsa
daga gwiwa zuwa takarda,
ta bushe.
Na ƙara. Ta bushe.
Abin da na biya kuɗi dominsa, shi ya tsaya mana a hanya.

Na laluba aljihu.
Shuɗiyar ta riga ta ɓata mini rabin riga.
Na kwance zaren, na lafta masa,
na riƙe wuyan hannunsa, muka sauka tare.

Ga shi nan ƙasan sunansa,
zagaye-zagaye kamar kunyoyin gona an hango daga kan dutse,
gefe ɗaya ya ɗan goce, inda rawar ta fi ƙarfinmu.

Bai bushe ba har na wuce Ƙofar Sauri.
Hannu guda a kan keke,
guda a sama riƙe da takarda tana shan iska,
masu babur na ta yi mini ham.

Rigar, an wanke ta sau huɗu.
Na ce a daina.