Ɗaga Haɓa

Shekara goma sha tara ina ɗaukar fuskoki
a ɗan shagona na bakin kasuwar Mai Wurno:
ɗaga haɓa, gyara hula, kar ka ƙifta.
Masu zuwa Jidda, masu shiga makaranta,
kowa ya zauna mini yadda na ce.
Ban taɓa gamuwa da wanda ya ƙi zama ba
sai daren jiya.

Bayan lisha muka kinkimi angarib biyu
zuwa gaɓar Nilu, inda Ɗayyabu ke ɗaure kwalekwalensa.
Nasiba ta riƙo gawayi da butar jabana,
Barira ta rungumo ƙafafun kyamara kamar itacen girki,
ɗaya tun bara take ɗingishi,
da igiyar akuya muke tallafe ta.
Inna Tasalla ta ce ita ba za ta ba, sanyin kogi,
sai ga ta a gaba da sandarta
tana mana faɗan nawa.

Wata ya hau cikakke,
fari kamar kisra ta farko da aka ɗaga daga wuta.
Can sai gefensa ya fara cinyewa.
Mudassir ya ce, Baba, wa ya gatsa?

Barira, 'yar aji shida, ta jera a tabarma
tocila da lemo da albasa:
wannan rana, wannan mu, wannan wata,
inuwarmu ce ta faɗa masa.
Inna ta dube ta, ta dubi albasar.
Ta ce, to.
Mu dai gwangwani muke bugawa har a sake shi,
kuma ana sakinsa.
Ku da kuka san dalili, me kuka yi masa?

Daga masallacin unguwa liman ya ja doguwar sura.
Ni, Allah ya yafe mini, ina duƙe bayan gilashi.
Na danna: ƙwayar shinkafa a baƙin faranti.
Na ƙara: ta yi jela.
Na ce masa a zuci, kar ka motsa.
Ya motsa.
Ko ƙafar nan ce, ko hannuna,
ko kuwa shi bai san ni ba ne.

Sai ya rufe duka.
Ba baƙi ya yi ba, ja ya yi,
jan lallen da ya kwana uku a tafin amarya,
jan garwashin da ke ƙarƙashin jabana
in an manta ba a fifita ba.
Kogi ya rasa azurfarsa.
Taurarin da ban san muna da su ba suka fito ƙofa.
Inna ta ƙirga da yatsu, ta ce, na bakwai ke nan.
Na huɗu da ubanku muka gani, a nan, a tsaye.
Ba ta ƙara ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Mudassir ya tono gwangwanin tumatir a yashi,
ya samu cokalin sukari,
kwan, kwan, kwan.
Barira ta ce ba ya amfani.
Ta ce shi sau biyu.
Sai na ji ta tana buga murfin buta.

A wannan hayaniya wani ya yi tuntuɓe da gurguwar ƙafa,
kyamara ta sunkuya, ta watso mana haske a ido,
Nasiba ta yi salati, kofi ya zube.
Da muka sake ɗaga kai
ga farin farce ya ɓullo a gefen wata.
Inna ta ce, kun gani.

Da safe a shago na duba:
ɗari da arba'in da uku,
babu ɗaya da zan nuna wa mutum in ce wata ne.
Sai guda, wanda ba ni na ɗauka ba.
Babu wata a ciki.
Rabin kan Mudassir, cokali a sama,
Barira da murfi, albasa a cinya,
Inna kuwa baki a ɗan buɗe,
ta ɗaga haɓa irin ɗagawar
da shekara goma sha tara ban samu kowa ya yi mini ba.
Ba wanda ya ƙifta.

Na wanke shi, na liƙa sama da kujera.
Wani mai neman biza ya shigo, ya tsaya a gabansa,
ya ce, malam, me suke kallo haka?
Na ce, zauna tukuna.
Gyara hularka.