Takardar da Taras Ya Bari

Wata huɗu da binne Taras,
takardar inshora ta iso Vegreville da sunansa.
Shekara arba'in da ɗaya shi ke farke irin wannan ambulan,
ni nawa ɗora shayi.

Na sa rigar zuwa coci, na nufi ofishin.
Yarinyar, Marisol, ta juyo min da takardar,
ta dasa biro a layin farko:
"Wannan na dole ne, doka ce ta ɗora.
In kin bugi mutum, ko shingensa, ko motarsa,
shi za a share wa hawaye.
In kin ji rauni, akwai kuɗin magani."
Na ce, to motar tawa fa?
Ta ce, "In laifinki ne, sai dai haƙuri."

Sai ta gangara ƙasa, inda akwatuna suke jere.
"Waɗannan ganin dama ne.
Na karo: kin zame a kan ƙanƙara, kin rungumi turken lantarki,
su gyara, bayan kin fara zaro dala ɗari biyar daga jakarki.
Na biyu na abin da ba hannunki:
ɓarawo, gobara, ƙanƙarar Yuli mai lotsa rufi,
barewar da ke tsallake titi da magariba ba sallama.
Ga na gilashi. Ga na motar haya,
ranar da taki ta kwana wurin bakanike."

Na ce, Taras me ya zaɓa?
Mutumin da ke jiƙa ganyen shayi sau biyu,
ai na san amsa.

Ta buɗe fayil, ta yi shiru.
Akori-kurarsa: na dole, shi kaɗai, tsirara.
Ƙaramar motata mai ruwan toka:
babu akwatin da bai cike ba,
tun shekarar da na faɗa kwalbati na ce masa tayar ce.
Bai taɓa faɗa min ba.
Ni ma ban taɓa faɗa masa ba tayar ba ce.

Na soke na haya, ina zan je da gaggawa?
Sauran na bar su yadda ya bari.
Na sa hannu ƙarƙashin inda nasa yake zama.

A hanyar gida, daf da gonar su Melnychuk,
wata barewa ta tsaya bakin kwalta tana kallona.
Na rage gudu.
Ta gama tunaninta, ta wuce.