Jan Biro a Kan Taswirar Gida

Takardar ta fi teburinmu faɗi,
sai da muka danne kusurwoyinta
da gwangwanin madara, da kwalbar yaji,
da wayar Mamuda, da gwiwar hannuna.
A waje ƙanƙara na sauka a kan Columbus
a hankali, kamar mai gudun tada yara.

Ga gidanmu, in ji shi.
Gidan da babu shi tukuna.
Fili ne can gefen gari, ciyawa da turaku huɗu,
amma a takarda har an fasa masa tagogi.

Na sa yatsa a bakin ƙofa, na shiga.
Taku ɗaya, ga ni a falo.
Taku biyu, ga tukunyata a kan wuta,
ga kwanukan da ban wanke ba,
ga ni kaina babu ɗankwali.
Mai kawo saƙo ma zai san me muka ci jiya.
Na ce, Mamuda, a ina sallama za ta tsaya?
Gidan da ba zaure,
baƙo na shiga, sirri na fita.

Mai zanen, Misis Hollander, ta ce shi ake yayi:
a bar haske ya ratsa, iska ta zaga.
Ni ban ƙi haske ba.
Ita ce ba ta taɓa soya manja da albasa ba
har ƙararrawar hayaƙi ta tashi unguwa,
ba ta taɓa shinshina rigar makarantar Zulai ba
ta ji daddawa ranar Litinin.

Na ja layi. Bango ke nan. Ga ƙofa.
Mamuda ya lissafa a baki: dala dubu uku.
Na lissafa a ƙafa:
kwana nawa ke nan na aikin dare a asibiti?
Na ce, zan iya.

Motoci biyu sun sami ɗaki
wanda ya fi na yaran girma.
Na gutsuro musu taku shida
saboda buhun shinkafa da firjin naman layya.

Sai matakala. Goma sha biyar, na ƙirga.
Ɗakunan kwana duk suna sama,
Goggo Uwani kuwa ko dokin ƙofa
sai ta dafa bango take tsallakewa.
In bizarta ta fito fa?
Ga wani ɗan ɗaki a ƙasa, an rubuta ofis.
Na soke sunan.
Mamuda bai ce komai ba, uwarsa ce.
Ya karɓi biron daga hannuna,
ya ƙara wa ƙofar faɗi,
ko da wata rana keke ne zai shigo da ita.

Gabas ɗin nan ba irin tamu ba ce,
ta karkata arewa.
Muka ɗora waya a kan takarda, kibiya ta juya,
ta tsaya cak a kan bayan gida.
Muka kalli juna. Na juya masa fuska.
Na ƙara famfo ƙasa-ƙasa,
a daina ɗaga ƙafa cikin wurin wanke hannu
kamar zakara a kan katanga.

Nafi'u ya taso shan ruwa, ido rabi a rufe,
ya zana kare a tsakar gida.
Na ce, wannan ba ya cikin kwangila.

Ƙarfe biyu na dare.
Takarda ta yi ja kamar littafin ɗalibin da bai yi bita ba.
Na sake sa yatsa a bakin ƙofa.
Wannan karon na tsaya.
Na cire takalma, ga wurin ajiye su.
Na yi sallama, na jira,
har na ji kamar an amsa daga ciki.

Kofin shayina ya bar zobe a bayan gidan.
Na kai hannu zan goge,
Mamuda ya ce, bar shi,
nan za ki shuka yakuwarki,
in ta yarda da sanyin garin nan.