Mudun Dutse

Mota ta sauke ni a gindin tudu,
na hau da ƙafa ina haki.
Gajimare ya kwana cikin kwari, ya ƙi tashi,
layukan inabi sun bi gangaren Langa
kamar kitson da aka yi ba gaggawa.

Asabar ce, kasuwa ta ci.
Ƙarƙashin rumfunan dutse masu baka
Ermelinda mai cuku ta yanko ɗan ɓari,
ta miƙo mini a tsinin wuƙa.
Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa,
amma ciniki ya san hanyar gidansu:
ta ɗaga yatsu biyar, na ɗaga uku,
ta dafe ƙirji kamar na kashe mata uwa,
sannan ta naɗe a huɗu tana dariya.

A bangon tsohuwar majalisa akwai wani rami
da aka sassaƙa tun kaka da kakanni.
Mudu ne. A nan ake awon alkama,
in ji Ottaviano ta bakin jikarsa Delfina,
wanda ya tauye, duk gari sai ya ji.
Bakinsa ya yi sulɓi don yawan hannuwa.
Yau ruwan sama ne a ciki,
tantabaru biyu na faɗa a kai.

Tsohon ya ja ni ƙarƙashin gidansa,
matakala goma sha bakwai, sanyi kamar randa.
Ganguna a jere cikin duhu,
bijimai masu barci.
Ya tsiyaya, ya miƙo.
Na ɗora hannu a ƙirji: ba na sha.

Shiru. Na ji ɗigon ruwa a wani lungu.

Ya kurɓe abinsa, ya haura,
ya dawo da nonon inabi guda,
baƙi, ya fara yanƙwanewa, zuma na binsa.
Delfina ta ce, ya ce:
kafin ya zama abin da ya zama, wannan ne.

Na ci. Zaƙi har cikin kunne.

Tafin hannunsa ya rine, ya tsattsage
kamar ƙasar da ya yi shekara sittin yana roƙo.
Ɗansa na Torino yana gyaran injuna.
Wani baƙo mai takalmi fari
ya zo sau biyu yana taya tudun.
Bana ce ta ƙarshe, in ji shi.
Yarinyar ta taɓe baki:
shekara bakwai ke nan yana faɗa.

Ƙararrawa ta buga sha biyu,
rumfuna suka fara naɗe kansu.
Na bi ta wurin mudun, na sa hannu,
na wanke dankon inabi a ruwan tantabaru.

Ina tsakiyar gangare na ji ihu.
Delfina ce a guje, gashi a warwatse,
ta ɗaga ƙunshin cukun da na manta
a kan gangar kakanta.