Ma'aunin Anselmo

A Aveiro, inda teku ke kutsowa gari ta magudanai,
Anselmo ya shekara arba'in yana kwasar gishiri,
ƙafa a ruwa, rana a ƙeya.
Yau gishirin ne likita ya ce su raba gari.

Ƙarfe bakwai wayar kan yi ƙara a gefen gado.
Ba sallama, ba ina kwana:
Hau ma'auni.
Sai ya hau, ba takalmi, hannu dafe da bango,
ya faɗa mata lamba kamar mai ba da shaida.
Saba'in da takwas.
Ƙafa ta kumbura?
Matashi nawa ka tada kai da su?
Ka sha farar ƙwayar, mai kore ruwa?
"Ko Deolinda," in ji shi, "da tana raye,
ba ta titsiye ni haka."

Graciete ce ta saka masa manhajar
daren da za ta koma aikinta a Luxembourg.
Abin da ya danna a nan, can take gani.

Ran Lahadi Belmiro ya shigo da busasshen kifi,
irin wanda gishiri ya yi wa riga.
Suka ci, suka suɗe yatsu, suka zagi likitoci.

Laraba ma'auni ya ce tamanin.
Ya sauka, ya sake hawa. Tamanin.
Ya danna saba'in da takwas,
wayar ta yi kore, ta yaba masa.

Matakalar gidansa hawa goma sha ɗaya ce.
A na shida ya tsaya,
ƙirji na huci kamar zugazugi mai huji.
Nan ya zauna, ya tuna fadamar gishiri:
ruwa ba ya buga ƙofa,
da dare yake silalowa ta ƙaramar tsaga,
sai mai duba sandar awo da asuba
ke tsira da abin da ya tara.

Ya goge. Ya rubuta tamanin.
Kore ya koma ja.

Kafin kofi ya huce nas Odete ta kira:
"Ƙara ƙwaya ɗaya yau, gobe in gan ka da tara."
Tana ajiyewa sai ga Graciete, murya na rawa.
"Baba, me ka ci?"

Ya dubi taga. Teku ya janye,
tsibin gishiri na ƙyalli can nesa.
"Kifi," ya ce. "Kuma ya yi daɗi."